Gargaɗi Ga Jama'ar Tanda: Ganyen Da Aka Yi Wa Feshi Yana Nan Kore Shar

Wannan gargaɗi ne ga mutanen ƙasar Tanda baki ɗaya, daga cikin gari har Siya da Albarkaize, da rugagen Fulani, da tungayen masunta na bakin kogi. Daga saukar ruwan fari har zuwa kaka, kada kowa ya tsinki tafasa ko lalo ko gasaya ko yaɗiya ko karkashi a cikin gona, ko a bakinta, ko a kan turbar da ta ratsa tsakanin gonaki, sai ya ji daga bakin mai gonar cewa bai yi feshi ba. In ya ce ya yi, a bar ganyen nan komai kyansa. In ba a ga mai gonar ba, a haƙura a nemi wani wuri. Uwa ta gaya wa 'yarta wannan magana tun kafin ta ɗauki ƙwarya ta fita, kuma mai saye a kasuwa ta tambayi mai sayarwa inda aka tsinko.

Dalili shi ne ido ba ya raba ganyen da aka fesa da wanda ba a fesa ba. Maganin ciyawa da ya fi yawa a hannun manoma a yanzu shi ne glifosat, wanda ake zubawa a kwalabe da sunaye barkatai. Aikinsa a sannu yake. Ta ganye yake shiga, ya bi jikin tsiro har saiwa, kuma kafin ganyen ya fara yin rawaya sai an kwana huɗu, biyar, wani lokaci mako guda ko fiye. Mai gona ya goya famfonsa da safiyar Talata, ya zagaye gonar, ya koma gida. Laraba da hantsi yarinya ta biyo ta nan, ta ga lalo ya yi lif-lif a gindin gawo, ɗanye shar, raɓa na kansa. Ta cika ƙwarya. Da azahar uwarta ta wanke, ta kaɗa miya da kanwa, yauƙi ya tashi yadda ake so, gida duka aka ci tuwo. Babu wari, babu ɗaci, babu wanda zai ce ga abin da ya shiga ciki. Wankewa tana rage abin da ya kwanta a kan ganye, amma ba ta fitar da wanda ya riga ya ratsa cikinsa, kuma kada wanda ya dogara da cewa wuta za ta kashe shi.

Ɗaya maganin, parakwat, wanda aka fi sani da sunan Gramoxone, shi mai gaggawa ne. Cikin yini ɗaya ko biyu ganye ya ƙone. Amma a sa'o'in farko shi ma ba ya nunawa, kuma a nan haɗarin yake, don parakwat ba shi da makari. Har yau duniya ba ta samo maganin da ke warware shi a jikin mutum ba. Kurɓi ɗaya na wanda ba a sirka ba ya isa ya kashe babban mutum, kuma kisan ba na take ba ne: baki da maƙogwaro su sale, ƙoda ta tsaya, huhu ya ƙandare a hankali, mutum yana cikin hankalinsa numfashi yana gagararsa, har kwanaki ko makonni. Ƙasashen ƙungiyar CILSS, wadda Nijar ke cikinta, sun haramta shi tun 2011. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ma ta sanar da haramcinsa daga farkon 2024. Duk da haka kwalbarsa ba ta ɓace daga tebura ba, kuma masu sayarwa a tsiyaye suna ɗura shi a gorar lemo da ta ruwan sha, ba suna ba takarda.

Ban zo in zagi manomi ba. Kowa ya san abin da ya kai shi ga feshi. Samari sun tafi ci-rani, kuɗin ƙwadago ya yi tsada, ƙasar nan kuma ruwa ya wadace ta, ciyawa tana tashi ta rufe shuka kafin mutum ya gama noman fari. Kwalba ɗaya tana yi wa mutum aikin da gayya take yi a da. Sai dai akwai abin da aka manta. Mai noma da hauya yana kallon abin da yake sarewa. In ya iso kan yakuwa ko lalo ko gasaya da ta fito da kanta, sai ya karkata hannu ya tsallake ta, don ya san ta uwargida ce. Haka iyayenmu suka yi ta yi ba tare da wani ya rubuta musu doka ba, shi ya sa gona ɗaya take ba da tuwo ta kuma ba da miya. Famfo ba ya tsallake komai. Shekara uku, huɗu ana fesa gona kafin waɗannan tsirrai su zubar da iri, sai a wayi gari babu su, matan gida su koma sayen abin da a da suke tsinka kyauta.

Wani zai ce ai ciyawa ce kawai. To, a tsaya nan, don a nan ne yawancinmu muke yin kuskuren lissafi. Duk abin da ke shiga bakin ɗan Adam daga ganye ya faro. Tsiro ne kaɗai Allah ya ba ikon haɗa abinci daga hasken rana da ruwa da iska. Saniya ba ta iyawa, kifi bai iyawa, mu ma ba mu iyawa. Kowa karɓa yake daga wanda ke ƙasa da shi. Fara ta ci ganye, zabuwa ta ci fara, mu mu ci zabuwa. Ƙwari da ƙananan halittun ruwa su ci gansakuka da ruɓaɓɓen ganye, ƙaramin kifi ya ci su, giwan ruwa ya ci ƙaramin kifi, masunci ya kamo giwan ruwa. Wannan jeri shi malaman kimiyya ke kira sarƙar abinci, kuma sun auna sun ga cewa a kowane mataki wajen kashi ɗaya cikin goma ne kawai na ƙarfin abincin ke wucewa sama, sauran ya tafi wajen motsi da numfashi da zafin jiki. Ma'ana, kafin a sami ƙwarya ɗaya ta nono ko ƙugiya ɗaya ta kifi, sai ganye mai ɗimbin yawa ya ƙare. Wanda ya rage ganye a ƙasa ya rage nama da nono da kifi a sama, ko ya sani ko bai sani ba.

Arzikin ƙasar Gaya ke nan tun asali. Nan ne wurin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, ga kogin Kwara, ga fadamun Dallol Mawuri da Foga inda ruwa ke kusa da hannu. Ku dubi burgu kaɗai. In ruwa ya hau, cikin duhunsa kifaye ke zuba ƙwai, 'ya'yansu su ɓuya su yi ƙiba. In ruwa ya janye, shi ne abincin shanu a tsakiyar rani lokacin da tudu ya zama fako. Agwagin daji da sauran tsuntsayen da ke ƙetaro hamada daga Turai a lokacin ɗari a nan suke sauka. Saboda wannan ne aka sa fadamun wannan yanki na kogi, har da na Albarkaize, cikin jerin wuraren ruwa masu daraja a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2001, aka ƙara da Dallol Mawuri a 2004. Su ɗin da ake taruwa a yi a tafkin Albarkaize, wanda mutane ke zuwa daga nesa dominsa, ba daga sama kifinsa ke faɗowa ba. Ciyawar ruwa ce ta raine shi.

Ganyen daji kuwa, a tambayi matan da suka raini 'ya'ya a watan Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli da ɗan barkono shi ke riƙe gida har a ga gero. Waɗannan ganyaye suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da ke gina jini, da bitamin A da ke tsare ido, abubuwan da tuwo tsurarsa ba ya bayarwa. Mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye su suka fi bukata. A yunwar 2005 mutane a wasu yankunan Nijar sun rayu a kan anza, suna jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. Mu da Allah ya hore mana tafasa da lalo da yaɗiya a ƙofar gida, da hannunmu muke kashe su. Kuma in ganye ya ƙare, yunwa tana tura mutum ga abin da bai kamata ba, har ya tono rogon da bai san irinsa ba. A watan Agustan 2024 hukumomin jihar Sakkwato sun sanar da mutuwar mutum bakwai 'yan gida ɗaya a ƙaramar hukumar Shagari bayan sun ci rogo. Rogo mai ɗaci akwai guba a jikinsa. Sai an feƙe, an jiƙa kwanaki, an zubar da ruwan, an shanya ko an dafa sosai. Kada a ba yaro ɗanyen rogon da ba a san asalinsa ba.

Maganin ciyawa ke nan. Maganin ƙwari ya fi shi saurin kisa, kuma ba sai mun je nesa neman shaida ba, ƙetaren kogi ya isa. A daminar 1999 zuwa 2000 aka shigo da wani magani mai suna endosulfan cikin gonakin audugar arewacin Benin. A yankin Borgu kaɗai, masu bincike sun ƙirga aƙalla mutum 37 da suka mutu a wannan kakar. Da yawansu ba masu feshi ba ne. Mutane ne da suka ci masara ko ganyen miya da aka shuka a tsakiyar auduga ko a gefenta, ko suka ci abincin da aka zuba a mazubin da maganin ya taɓa. Manoman can sun ba da labarin yadda tana ke fitowa daga ƙasa bayan feshi ta mutu, tsuntsaye su sauko su ci, su ma su faɗi. Kifi ya mutu a rafuka. Sai da aka yi shekaru ana binne mutane kafin ƙasashen CILSS su haramta shi a 2007, Benin a 2008, duniya kuma ta sa shi cikin jerin haramtattu na yarjejeniyar Stockholm a 2011. Tsakanin Gaya da Malanbil ta Benin faɗin kogi ne kawai. Abin da ya ci su ba ya neman takardar shiga ƙasa.

A doka, ba a sayar da maganin feshi a Nijar sai wanda kwamitin Sahel mai tantance magunguna, da ke Bamako, ya amince da shi. A kasuwa kuwa labarin daban ne. Cibiyar RECA ta majalisun manoma ta sha zagaya kasuwannin ƙasar nan tana rubuta sunayen kwalaben da ta tarar, kuma abin da take samu kullum shi ne mafi yawansu ba su da wannan izini, akasarinsu kuma ta Najeriya suka shigo. Mu da ke zaune a kusurwar ƙasa uku, Kamba ta Najeriya na nan kusa, Malanbil na tsallake, mu ne a bakin ƙofa. Rufe gadar Gaya da Malanbil da aka yi a 2023 bai tsayar da kaya ba, kwale-kwale suka koma. Takardar jikin kwalba da Ingilishi ko Faransanci take, mai saye bai karanta ba, mai sayarwa ma sau da yawa bai karanta ba. Sai a auna da murfin kwalba, a ƙara ɗaya "don ya kama da kyau." Maganin auduga a zuba wa kuɓewa da zogale da tumatir. A jikin kowace kwalba ta gaskiya an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, wani kwana 7, wani 14, wani 21. Mai lambu da ya fesa yau ya kai kasuwa jibi don ganye ya yi sheƙi, ya sani cewa haƙƙin duk wanda ya ci yana wuyansa, kuma a cikin masu cin nan har da 'ya'yan maƙwabcinsa.

Ruwa shi ne hanya ta biyu. An gama feshi, sai a gangara bakin fadama a wanke famfo, a ɗauraye kwalba, a zubar da ragowar a nan. Magungunan da ake yawan fesa wa wake da kayan lambu, irin su sifametirin da lambda, ɗigo kaɗan a ruwa yana kashe kifi, don kifi ya fi mu rauni a kansu nesa ba kusa ba. Duk wanda ya tarar da kifi na yawo a saman ruwa ciki a sama, ko yana layi a bakin gaɓa ana kama shi da hannu, kada ya ɗauka ya ce tsuntsu daga sama gasasshe. Kada a ci, kada a banda a kai kasuwa, kada a jefa wa kaji. A je a gaya wa sarkin ruwa da malaman daji. Wanda kuwa ke zuba magani a tafki da gangan don ya kwashi kifi, kamar yadda aka yi ta yi da gamalin a shekarun baya, wannan ba masunci ba ne, kuma rufa masa asiri cin amanar gari ne.

Haka fara. Kowa na son soyayyar fara da yaji, kuma sana'a ce da mata da yawa ke ci da ita. Amma in an yi feshin fara a wani yanki, wadda aka tsinta a ƙasa tana mutsu-mutsu ba abinci ba ce. Haka jan-baki da ake fesa wa magani a makwancinsu don a tsare shinkafa: yara suna zuwa da safe su cika buhu. A hana su.

Akwai kuma tsofaffin magunguna, DDT da diyeldirin da gamalin, da aka daɗe da haramtawa. Su jiki ba ya fitar da su da sauri, cikin kitse suke maƙalewa. Saniya ta ci ciyawar da suka taɓa, kaɗan-kaɗan, wata da watanni, ya taru a kitsenta, ya fito a nono da man shanu. Babban kifi da ya haɗiye ƙanana ɗari ya tara rabon dukansu. Duk wanda ya fi zama a sama cikin jerin nan shi ya fi kwasa, kuma a can ƙololuwa ba kowa ne zaune ba sai jaririn da ke shan mama. Don haka duk wanda ya tarar da tsohuwar gwangwani ko buhun gari a ɗakin ajiyar kakansa, babu suna ko sunan ya goge, kada ya gwada a gona, kada kuma ya zubar a rami ko a ruwa. Ya kira malamin gona. 'Yan uwa makiyaya, ku ma ku tambaya kafin ku saki dabbobi a gonar da ciyawarta ta fara yin rawaya ba lokacinta ba. Kuma masu barbaɗa guba a mushe don kashe kare ko dila, ku dubi sama: ungulun da a da ke cika mahauta ina suke? Mushe ɗaya mai guba yana kashe su da yawa a zama ɗaya, kuma in babu su, mushe zai ruɓe a fili ƙudaje su kwaso mana.

Itatuwa ma abin ya shafe su ta inda ba a zato. Ɗorawa da kuka ba sa yin 'ya'ya sai an kai musu garin fure daga wani fure zuwa wani. Jemage ke yin wannan aiki da dare, ƙudan zuma su taimaka wa ɗorawa da sassafe. Kaɗanya da kabewa da kankana da riɗi duk suna jiran zuma. Wanda ya fesa wa wake magani da hantsi yana cikin fure, ya kashe ƙwarin da ke cinsa ya haɗa da ma'aikatan da ba ya biya. Bayan shekaru a ce ɗorawa ta daina haihuwa, daddawa ta yi tsada, amya ta koma fanko, a ɗora wa canjin zamani. In feshin ya zama dole, a yi shi da yamma liƙis bayan zuma ta koma gida, kuma ba ranar iska ba.

Sai giginya, wadda ita ce tambarin wannan ƙasa. Kurmin giginyar Dallol Mawuri da bakin kogi, wajen hekta 30,000, babu kamarsa a Nijar. Daga jikinta ake samun 'ya'ya, da muruci, da azara, da kaba, kuma a ƙarƙashinta ana noma ana kiwo, don inuwarta ba ta danne shuka. A shekarun 1990, da tallafin ƙasar Suwis, aka mayar da kula da ita hannun mutanen ƙauyuka bayan an ga sara ya kusa cinye ta, kuma inda aka riƙe amanar ta farfaɗo. Amma giginya ba ta gaggawa. Akwai namiji akwai mace, macen ce ke haihuwa, kuma sai ta yi shekaru masu yawa kafin ta ba da ɗa na fari. Muruci kuwa, kowa ya sani, jaririyar giginya ce: ƙwallon aka binne, ya tsiro, bayan watanni aka tono aka dafa. In aka kwashe ƙwallo duka aka binne don kasuwa, babu wanda aka bari ya tashi, ƙananan da suka tsira da kansu kuma garma da wutar daji da feshi suka gama da su, to dogayen da muke gani yau su ne na ƙarshe, sai dai ba za a gane ba sai bayan shekara talatin. Duk mai binne muruci ya bar wani kaso a ƙasa. Duk mai gona ya kewaye 'yan ƙananan da suka fito masa. Haka dajin Goru Basunga da ke tsakaninmu da Gaya, wanda aka killace tun 1937, kusan hekta 10,000: taura da kanya da ɗinya da tsada da yara ke ci daga irin wannan daji suke fitowa, kuma gatari da gawayi ba su bar shi ya huta ba.

Ko bayan girbi ba a tsira ba. Ana yayyafa wa wake piya-piya a cikin buhu don kada ya yi ƙwari, a sayar wa mai ƙosai. Sinadarin da ke cikinsa, diklobos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta a 2015. Waken da Bature ya ƙi, cikinmu ya tafi. Ga shi kuwa akwai mafita mai sauƙi: buhun PICS mai riɓi uku, wanda aka gwada tare da masu binciken INRAN a Maraɗi, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska, ba ɗigon magani. Jarka ko durom mai murfi da ke rufuwa gam shi ma yana yi. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu mai fitar da iskar guba, kada a kwana ɗaki ɗaya da hatsin da aka sa wa ita.

Abin da nake roƙo a yi tun wannan mako ba ya cin kuɗi. Duk wanda ya fesa gona ya kafa sanda a kowace kusurwa ya ɗaura jan ƙyalle, ya bar shi nan har ciyawar ta bushe, kuma gari ya yarda cewa jan ƙyalle na nufin ba tsinka ba kiwo. Mai gona ya ware ɗan yanki, ko taki goma ne, wanda famfo ba zai taɓa ba, a nome shi da hannu, ya zama na miya. Kada a yi feshi kusa da rijiya ko bakin fadama. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta koma gidan mai ko gishiri ko ruwan alwala, kuma kada ta kwana inda hannun yaro zai kai. Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya sa takalmi da doguwar riga, kada ya ci goro ko ya sha taba yana aiki, kada ya busa bakin famfo da bakinsa in ya toshe, kuma kada a ɗora wa yaro famfo. Masu garuruwa su sa a yi shela, limamai su faɗa bayan sallar Juma'a, gidajen rediyon Gaya su maimaita da Hausa da Dandanci da Fulatanci. Magajin gari da malaman gona na gunduma su shiga kasuwa su dubi abin da ke kan tebura. Dokar tana nan, aiki da ita ya rage. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

In kuwa abin ya riga ya faru, ga alamun da za a duba. Mutum ya fara dalalar da yawu, gumi na keto masa, hawaye da majina na zuba, ga amai da zawo da murɗar ciki, ƙwayar idonsa ta tsuke ta zama 'yar mitsitsiya, naman jikinsa na rawa, ƙirji na ƙara. Ko kuma mutum biyu, uku da suka ci daga tukunya ɗaya su kwanta lokaci guda. Kada a tsaya neman wanda ya yi sammu. Kada a ɗura masa nono ko manja ko ruwan gishiri ko tsamiya, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, don abin zai iya komawa huhu. A tuɓe masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, in ya shiga ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta. In ya suma a kwantar da shi a kan haƙarƙarinsa. A ɗauke shi nan take zuwa likita mafi kusa, in ta kama a wuce babban asibitin Gaya, a tafi da kwalbar maganin ko ragowar abincin, don da ita ma'aikacin lafiya zai san allurar da zai yi. Wanda ya haɗiyi parakwat, ko da ya ce ba ya jin komai, a kai shi a wannan sa'ar, kada a jira gari ya waye.